Wane Irin Ruwa Aka Ƙara wa Buba?

To, ku matso. Mai latsa wayar nan kuma ya sa ta aljihu, ina ganinsa. Jiya da muka fito daga tiyata na ji ɗayanku yana cewa aikin mai sa barci aikin 'yan hutu ne, wai ka tsira allura, mutum ya lumshe ido, kai kuma ka miƙe ƙafa a kujera har likita ya gama ɗinki. Ban tanka ba, don ni ma da nake sa'anku haka na ɗauka. Shekara talatin da ɗoriya na yi a tsaye a saitin kan majinyata a ƙasar Yawurin nan, har sunana na yanka ya ɓace. Daga Yelwa zuwa Warra ba wanda ya san Isa, sai Malam Mai Barci. Sa mutum barci kam ai ba wuya. Aikin shi ne ya tashi, kuma ya tashi da numfashinsa yadda ya kawo maka shi. Akwai wanda ban mayar wa nasa ba, shi zan ba ku labari.

Wanda ya koya mini aiki bayan na fito makaranta wani dattijo ne, Baba Tanko, Allah ya jiƙansa. Wata uku na yi a hannunsa bai bar ni na taɓa sirinji ba. Aikina in mirgino tukunyar oksijin, in ɗaura mata kai, in buɗe, in kara kunne ko tana yoyo. In wanke robar da ake zura wa a maƙogwaro. In duba 'yar fitilar ƙarfen da muke ɗaga harshe da ita, don in ta mutu mutum yana kwance ba numfashi, ka shiga uku. Sai ya damƙa mini baƙar jakar robar da ake matsa wa majinyaci iska da ita, ya ce in rufe ido. "Huhu yana magana da tafin hannu," in ji shi. "Mai lafiya laushi gare shi. Mai ciwo ture ka yake yi." Akwai kuma dokarsa da ba ya wasa da ita: "In ka ruɗe, buɗe iska. Iska ba ta yawa."

Dokar nan ta yi mini rana, ba zan yi mata butulci ba. Na tuna wani masunci daga wani tsibiri wajen Ngaski, jirginsu ya kife a tafkin Kainji, aka kawo shi leɓensa ya yi baƙi ƙirin. Na buɗe iska har ƙarshe, ina matsa jaka ina salati, kafin la'asar yana tambayar ina komarsa. Masu haihuwa da jini ya ɓalle musu, yaran da limoniya ta kama, duk da ita na riƙe su. Saboda haka a kaina tukunyar nan ba ta taɓa laifi.

Kafin ka sa mutum barci sai ka yi masa tambayoyi, a nan kuma wahalar wurinmu take. Wannan Bagunge ne, wancan Bakambare, na bayansa Bafulatani, duk da Hausa za ku haɗu, kowa da irin tasa. Ba wanda ya san sunan magani. Ƙwaya sai dai a ce maka fara ko ja. Duk abin da aka rataya a ƙarfe ya bi jijiya kuwa, sunansa ɗaya ne, ƙarin ruwa. Mai zazzaɓi ƙarin ruwa, mai gudawa ƙarin ruwa, wanda ya gaji da noma ya je kemis ma ƙarin ruwa. Kunnena ya saba da kalmar har ta daina shiga.

A ƙarshen wata damina, da hantsi, aka shigo da wani makiyayi daga wata ruga a ƙasar Shanga. Sunansa Buba, bai fi shekara talatin ba, dogo, siriri. Bijimi ne ya soke shi a ciki, a nasa garken. Wansa, Hamma Sambo, shi ya kawo shi a kan babur, ya ɗaure masa cikin da rawani. Likitan tiyatarmu na lokacin, Dokta Nasiru, ya duba ya ce ƙahon ya shiga hanji, sai an buɗe shi yanzu-yanzu. Ban ce muku wane asibiti ba ne, kuma kada ku tambaya. Laifin da ke cikin labarin nan nawa ne, ba na gini ba.

Na tsaya a kansa, wan yana tsaye a gefe riƙe da sanda. Na ce, "Ya taɓa kwanciya asibiti?"

Hamma Sambo ya ce, "An yi mai ƙarin ruwa Sakkwato."

"Yaushe?"

"Bai daɗe da gamawa ba. Shina zuwa shina dawowa."

Na rubuta a takarda, ƙarin ruwa, na wuce. A raina na ce taifot ce. Ban tambayi kaina me zai kai makiyayin Shanga har Sakkwato don ledar ruwan da ke akwai a kowane kemis na Yelwa ba. Na ga tabon yanka a gefen mararsa, na ce aikin ƙaba ne, rabin manomanmu suna da shi. Na juya shi don in saurari bayansa, sai na ga zane-zane baƙaƙe, dogaye, jere a bayan da haƙarƙari, sak sahun bulala. Ni kuma akwai baki, kun sani. Na yi dariya na ce, "Kai! Ashe jarumin sharo aka kawo mana. Wanda ya sha wannan ai wuƙar likita ba za ta ba shi tsoro ba." Buba ya dube ni, ya dubi wansa, ya yi ɗan murmushi.

A can ƙasan huhunsa, duka ɓangarorin biyu, na ji wata 'yar ƙara, kamar ka murza gashi kusa da kunne. 'Yar na'urar da muke maƙala wa yatsa ta nuna casa'in da uku, alhali saurayi kamarsa ya kamata ya haura haka. Na ce zafin ciwo ne ya hana shi jan numfashi sosai. Kowace alama na ba ta amsa da kaina, ban bar mai jikin ya ba ni ko ɗaya ba.

Aikin ya ɗauki awa uku. Na'urarmu tana iya haɗa iskar ɗaki da oksijin kaɗan, amma na buɗe masa zalla, tun daga farko har ƙarshe, kamar yadda na saba in aiki ya yi nauyi. Na kwarara masa ruwa leda bayan leda. Jakar tana ɗan ture hannuna, na ji, wallahi na ji, sai na ce ai cikin ne a buɗe. Dokta ya ɗinke hanji, Buba ya farka lafiya lau. Abin da ya fara tambaya shi ne kada a yanka bijimin, ba laifinsa ba ne, ƙuda ne ya dame shi. Muka yi dariya.

Kwana biyu bayan nan, da safe, nas ɗin ɗakin maza ta aiko a kira ni. Na tarar da shi a zaune, ya dafa gwiwoyi, yana wani busasshen tari da ba ya fitar da komai. Na'urar yatsa ta ce tamanin da bakwai. Me zan yi? Abin da na iya. Na sa masa abin rufe hanci, na buɗe iska. Lambar ta hau, hankalina ya kwanta. Kafin azahar ta sake saukowa, na ƙara. Washegari ta sauko, na ƙure makunnin har ya daina juyawa. Aka ɗauki hoton ƙirji, ƙasan huhu duka biyu ya yi fari kamar an shafa alli. Muka ce limoniya ce, muka canja allurai. Muka ce ko tarin fuka ne, aka gwada, babu. A nan tsoro ya fara kama ni. Ban taɓa ganin huhun da ake ba iska yana ƙara lalacewa ba. Ina kallon tukunyar nan da na yarda da ita fiye da hannuna, ita ma kamar tana kallona.

Rana ta huɗu mahaifiyarsa ta zo daga ruga, wata tsohuwa 'yar firit, da ƙwaryar nono a kai. Ta daɗe tana kallon ɗanta, ba ta matsa kusa ba. Da na fito baranda ta biyo ni, ta kwance bakin zanenta, ta ciro wani kati a naɗe cikin leda.

"Malam, kai ka iya karatun boko. Duba min ranar da anka ce shi koma Sakkwato. Ina tsoron ta wuce shina kwance nan."

Na ce, "Kawo, Inna."

Na buɗe. Katin wani babban asibiti ne, na sashen masu ciwon daji. An cire masa ɗan maraina ɗaya saboda dajin, tabon da na kira na ƙaba ke nan. An yi masa zagaye-zagaye na maganin daji ta jijiya, sunayen magungunan a jere, ɗaya an ja masa layi, bleomycin. A ƙasa kuma da jan biro, wani likita ya rubuta cewa duk wanda zai sa mutumin nan barci ko ya ba shi oksijin, ya yi hattara, ya tuntuɓe su tukuna.

Na zauna a kan dakalin barandar. Tsohuwa tana cewa, "Ta wuce ko?" Daga inda nake zaune ina jin shuuu ɗin tukunyar da na buɗe da hannuna.

Dokta Nasiru ya kira lambar da ke katin, ya sa a bayyane muna ji tare. Wata likita ce ta ɗauka, ta yi mana bayani ba tare da faɗa ba, da ma ta yi faɗan ya fi mini sauƙi. Ta ce maganin yana kashe irin wannan dajin sosai, Buba ma ana sa ran ya rabu da shi. Amma a jikin wasu mutane yana taɓa huhu, ya kumbura shi, daga baya ya bar tabo, huhun ya yi tauri ya daina buɗewa. Yana farawa da busasshen tari da haki, wani lokaci sai bayan an gama maganin. Oksijin mai yawa kan iya rura abin, yawan ruwa a jijiya ma haka. Ta tambaya, "Akwai baƙaƙen layuka a fatarsa, kamar an zane shi?" Dokta ya dube ni. Ta ce maganin ne, yana sa ƙaiƙayi, duk inda farce ya bi sai ya bar sahu.

Ta faɗi allurar rage kumburin da za mu fara. Ta ce a rage ruwa. Kai shi Sakkwato a wannan hali kuwa, ba zai kai ko garin Koko da ke kan hanya ba. Sai ta zo kan iska. "Kada ku cire, zai mutu. Kada kuma ku cika. Ku ba shi daidai abin da zai riƙe shi tsakanin tamanin da takwas da casa'in da biyu, ko ɗigo kada ya ƙaru."

To, ku da kuka ce aikin hutu ne, ku saurara. Na shiga ɗakin, mutum yana kokawa da numfashi, jijiyoyin wuyansa duk sun tashi, na kama makunni na fara mayar da shi baya. Ƙarar iskar ta ragu, duk ɗakin aka ji. Buba ya zaro ido. Hamma Sambo ya miƙe ya riƙe mini wuyan hannu, riƙon mai kayar da sa.

"Mi kake yi? Mutum na mutuwa kana rage mai? Wa kuke aje ma iskar?"

Na ce, "Hamma, sake ni. Iskar ce ke ƙona shi."

"Iska? Jiya kai da bakinka ka ce ita ce maganin!"

Gaskiya ya faɗa. Ga majinyata da masu jinya duk sun zuba mana ido. Ba zan iya faɗin ciwon Buba a gaban jama'a ba, tunda na lura wan ma bai san ainihinsa ba. Shi aka bar wa shanu, kawunsu ne ke raka Buba Sakkwato, abin da ake gaya masa kawai ƙarin ruwa. Tsohuwar ce ta raba mu. Daga bakin ƙofa ta yi wa Sambo magana da Fulatanci, kalma uku ko huɗu, ya sake ni ya fita.

Kwana tara na yi a kan kujera a gefen gadon nan, gida sai dai in leƙa in yi wanka. Idona a kan lamba, hannuna a kan makunni. Ta sauka tamanin da shida, in ɗan murɗa, alhali na san abin da nake zuba masa. Ta hau casa'in da huɗu, in rage, shi kuma ya kama hannun rigata yana roƙona da ido. Ban taɓa jin tsoro irin na kwanakin nan ba. In na ba shi ina cutar da shi, in na hana shi ina shaƙe shi, tsakanin biyun kuwa bai fi faɗin farce a jikin makunni ba. Sallah ma a gefen gadon nake yi, ina sallamewa in waiga in ga lamba. A rana ta shida ya yi shiru ƙwarai, leɓensa ya canja, na ce shi ke nan, na kashe ɗan mutane. Hannuna ya kai kan makunni zai ƙure shi, muryar Baba Tanko tana kunnena. Na ɗan ƙara kaɗan kawai, na zauna a kan hannun nawa, a zahiri, na danne shi da cinya. A hankali lambar ta dawo tamanin da tara.

Ya rayu. Bayan mako uku muka raba shi da tukunya, daga baya ya koma Sakkwato suka auna huhun, suka ce tabon ya zauna, ba zai goge ba. Na tambayi likitar nan ko ni na jawo. Ta ce maganin ya riga ya fara taɓa huhun kafin ya zo hannuna, ƙarar da na ji shaida ce, ba wanda zai iya rantsewa nawa ne na magani, nawa ne na iska. Na gode mata. Amma na san mutumin da aka kawo mini yana bin shanu daga Shanga har bakin tafki da ƙafarsa.

Shekarar nan ta zame mini muguwa. Duk wanda aka kwantar a gabana sai in ga kamar yana ɓoye kati. Na riƙa ɗaga wa mutane riga ina duba baya, ina duba farce, har Dokta ya ce in ɗauki hutu. Ban ɗauka ba, sai na canja yadda nake tambaya. Yanzu in ka ce mini ƙarin ruwa, ba ka tashi ba. Wane gari? Sau nawa? Ana ba ka rana ka koma? Masu sa maka suna sa safar hannu biyu? Gashi ya zube? Ka yi amai? An gasa maka wani wuri da na'ura? Don ba wannan maganin kaɗai ke taɓa huhu ba, akwai 'yan uwansa. Kuma masu shan maganin daji suna ƙaruwa a ƙauyukanmu, su je birni a yi musu, su dawo gida, ranar da tari ya kama su ko babur ya kayar da su, mu za a kawo wa, ba masu jan biro ba. Ba cewa na yi ku ji tsoron iska ba, mai shaƙewa a ba shi. Cewa na yi magani ce, tana da awo, kuma ku san wa kuke ba.

Da rani ya zagayo, rugarsu ta sauko bakin ruwa wajen Ngaski, Inna ta aiko mini da man shanu, ta ce in zo in ga majinyacina. Na hau babur na je da yamma, lokacin dawowar shanu. Na tarar da Buba a zaune a kan turmi a bakin bukka. Ya yi ƙiba kaɗan, dajin bai dawo ba, alhamdu lillahi. Ya tashi ya tarye ni, taku bai fi goma ba, sai da ya tsaya ya dafa sanda. Garken ya ɓullo daga fadama, Hamma Sambo yana bayansu. Inna ta ce da can in Buba ya yi kira daga nan, shanun da ke tsallaken fadama sai sun ɗago kai sun taho da gudu. Kamar don ya nuna mini, ya cika ƙirji, ya ɗaga kai, ya fara kiran. Bai kai rabi ba muryar ta yanke, tari ya karɓe. Ko saniya ɗaya ba ta waigo ba. Suka wuce mu, har da bijimin.

Da tarin ya lafa, muka zauna mu biyu, ba kowa kusa. Na ce, "Buba, ka yafe mini. Amma don Allah me ya hana ka gaya mini? An ce maka ka nuna katin."

Ya ce, "An ce. Katin na gida, bijimi bai ba ni lokaci ba." Ya numfasa. "Kuma Hamma na tsaye. Wurin da ciwon yake, ba a faɗi gaban babba."

Ya ja iska sau biyu, a hankali, yadda ya koyi yi kafin doguwar magana.

"Na yafe, Malam, kai ka zauna da ni. Amma ni ban taɓa shiga sharo ba, ko sau ɗaya. Da ka juya ni ka ga bayana, na ce to, ga wanda zai tambaya, zai fitar da Hamma in faɗa mai. Ina jira. Sai ka yi dariya."

Ku tashi, an kawo na ƙarfe goma. Kai mai waya, kai za ka yi masa tambayoyin. Ka fara da fitar da 'yan rakiya.